Motar da Baba Ɗantani ya shiga da kansa

Akwai wata mai sayar da atamfa a Zango, nan Wagadugu, sunanta Zuhura. Shekara goma sha tara tana zuwa kasuwa a kan moto, wato babur, rana da ruwa. Bara Allah ya buɗa mata, ta ce za ta sayi mota sabuwa fil, cikin ƙananan katkat ɗin nan masu kama da jif da suka cika gari.

Mahaifinta, Baba Ɗantani, tsohon direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya. Shekara talatin yana hawa kan mota mai matakala uku, daga nan zuwa bakin teku. Sai hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Yana iya tafiya da sanda, a hankali, yana jan ƙafa.

Ranar da aka sallamo shi daga likita, samari huɗu suka ciccibe shi suka cusa a taksi. Wandonsa ya zame a gaban mata, wani ya yi dariya. Da suka iso gida ya rantse ba wanda zai ƙara ɗaga shi sai masu kai shi makwanci. Wata goma sha huɗu bai wuce bakin zaure ba.

Zuhura ta san irin zaman. Kullum da la'asar takan same shi a kan tabarma, yana sauraron ƙarar motoci daga gudron, wato titin kwalta, yana faɗin wace ce ta wuce.

Ta zaga gidajen sayar da mota uku tare da wanta Nasrullahi, wanda ke zaune a unguwar Wemtenga. Shi tun a gidan farko ya gama zaɓe: wata baƙa, doguwa, mai rufin gilashi. Ya ce ita ce za ta nuna wa mutane cewa gidan Ɗantani bai faɗi ba. Masu sayarwa kuma shi suke wa bayani, suna jera masa ƙarfin inji da sanyin kilim, wato na'urar sanyaya mota, ita tana tsaye riƙe da jaka.

Ta bar su suka gama, sannan ta faɗi sharaɗinta. Duk mai son ta saya, ya kawo motar ƙofar gidansu ranar Asabar da hantsi. Wadda mahaifinta ya shiga da kansa, ba hannun kowa, ita za ta ɗauka.

Gida ɗaya suka ce ba a kai sabuwar mota cikin lungu. Ta yi musu godiya ta fita. Nasrullahi ya biyo ta yana faɗa, wai ta zubar masa da mutunci, wai wa ya taɓa zaɓen mota da mara lafiya.

"Yaya, ni zan tuƙa, ni zan biya," in ji ta. "Kai kana da inda za ka je kullum. Shi fa?"

Shawo kan tsohon ya fi wuya. Ya ce ba zai zama abin kallo sau biyu ba. Ta durƙusa ta yi masa alkawari ɗaya: ko zai faɗi ƙasa, ba za ta bar kowa ya taɓa shi ba sai in shi ya nema. Ya dube ta, ya ce a goge masa babbar riga.

Ranar Asabar motoci biyu suka shigo lungun, baƙar da kuma wata ruwan toka, gajeriya, wadda ba ta da wani ado. Kafin a kashe inji maƙwabta sun fito. Abin da Zuhura take tsoro ke nan.

Baba Ɗantani ya fito da sandarsa. Taku goma sha ɗaya ne daga zaure zuwa baƙar motar, ya yi su ba tsayawa. Ya juya baya ga kujera don ya fara zama, kamar yadda likita ya koya masa, amma kujerar ta fi ƙugunsa tsayi. Ya yi ɗage da ƙafar dama, ya kama ƙofa, ya zame. Ya sake. A karo na uku sandar ta faɗi, ya rage a rataye jikin ƙofa yana haki.

Nasrullahi ya zabura, mai sayarwa na biye da shi yana kiran tsohon kaka da yaren garin, yana cewa, "Yaaba, bari mu ɗan taimaka, minti ɗaya ne."

Zuhura ta shiga tsakaninsu ta buɗe hannuwa. Tana jin numfashin mahaifinta a bayanta.

"Ba mai taɓa shi."

"Kin haukace? Zai faɗi!"

"In ya faɗi zai tashi. Koma baya, Yaya."

Tsohon ya jingina da motar har numfashinsa ya dawo. Ya dubi sandar a ƙasa, ya dubi 'yarsa, ya ce ta miƙo masa. Sanda kaɗai ta miƙa.

Ya ja ƙafa zuwa mota ta biyun, ruwan tokar. Ya buɗe ƙofar gefen fasinja da kansa, ya duba yadda ta wangale, ya shafa kujerar da tafin hannu kamar mai duba kaya. Daidai ƙugunsa take. Ya juya, ya zauna. Ya kama wandon ƙafar hagu da hannun dama, ya ɗaga ta bisa dokin ƙofa, ta ƙi, ya sake ɗagawa, ta shiga. Ta dama ta bi ta. Ya ajiye sanda tsakanin gwiwoyinsa, ya jawo ƙofar ta rufu.

Nasrullahi ya juya fuska ga bango. Mai baƙar motar ya fara bayanin cewa ana iya saka mata matakala, Zuhura ta ce ya gaida gida.

Tsohon ya sauke gilashi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wannan kujerar, direba ne ya ƙera ta," in ji shi. "To, me kuke jira?"

Ta karɓi makulli ta shiga, mai motar ya zauna a baya. Da ta tambaye shi ina za su, ya gyara madubin gefensa, ya ce ta hau gudron kawai, zai gaya mata inda za ta juya.

Darasi: Kada ka zaɓi abu don idon mutanen waje, ka zaɓe shi don wanda zai yi amfani da shi a gidanka. Kuma mara lafiya ba ɗauka kaɗai yake bukata ba, wani lokacin so yake a tsaya masa har ya yi da kansa. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho a gida.