Mushen Ɓauna a Mashaya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne!

Wata Ɓauna ce ta mutu a mashaya, kanta cikin kogi, gindinta a tudu. Ruwa ya fara wari. Bushiya, uwar tambaya, ta je wajen Kunkuru mai unguwa, ta ce, "Baba, wa zai janye mushen nan?"

Kunkuru ya ce, "'Yar nan, dokar Zaki ce: tudu namu, ruwa na fada. Kan kuwa a ruwa yake."

Bushiya ta bi kogi ta gangara har fada, ta faɗi ta yi gaisuwa, ta sake tambaya. Zaki ya yi hamma, ya ce, "Gindin a tudu yake, aikin mai unguwa ne."

Sai aka kawo masa ruwa a ƙwarya, ya kafa kai. Bushiya ta kasa haƙuri, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan daga ina ake ɗebo shi?"

"Daga kogi mana."

"Kogin da ya biyo ta kan mushen?"

Zaki ya furzar har fuskar waziri Dila. Nan take ya tura Giwa da igiya. Giwa ba ta san gaɓar ba, ta afka taɓo har ciki. Sai da Kunkuru ya rarrafo ya nuna mata inda za ta taka dutse, sannan aka ja mushe waje.

Bushiya ta shaƙi iska, ta ce, "To Baba, warin da ya rage, na fada ne ko na unguwa?"

Kunkuru ya mayar da kai cikin ƙoƙon bayansa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta wuce ta bar mu da toshe hanci!