Yadda Kurege Ya Tsare Manhajar Jami'ar Dawa

Ku matso kusa, ga wata nan tafe.

A Jami'ar Dawa gara ta cinye babbar kwamfutar sashen manhaja. Sai Giwa, shugabar jami'a, ta kafa kwamiti ya zaɓo amintaccen rumbun da ɗalibai za su riƙa ajiye manhajar da suke rubutawa. Kurege kuwa, dattijo mai furfura har a jela, yunwa na nuƙurƙusarsa, ya ji cewa ba a zaman kwamiti sai da soyayyiyar gyaɗa da zoɓo.

Da gari ya waye ya maƙala tabarau marar gilashi, ya shiga a matsayin ƙwararre daga ƙetare. Kunkuru ya gabatar da rumbunsa, Kurege ya ce kafin wannan ya buɗe ɗalibi ya yi jika. Kura ta kawo nata na kyauta, ya tambaya wa ya taɓa ba ta ajiya ya sake gani. Ana ta ɗage zama, yana ta cika kumatu.

"Ni da sarakunan duniya ke layi a ƙofata, yau ni ake zuba wa gyaɗa a takarda," in ji shi. Aka kawo faranti.

Giwa ta gaji, ta ce to ya kawo nasa rumbun. Ya karɓe aikin kowa a filashi, 'yar na'urar ajiyar bayanai, kowa da tasa, ya sa aka goge sauran kwafi, wai tsaro ba ya son biyu. Sannan ya yi abin da kakanninsa ke yi da duk abu mai daraja: ya tona ƙasa ya binne, wannan nan, wancan can.

Da gari ya waye Zaki ya iso daga wata jami'a don duba aikin masu kammalawa, in babu aiki babu digiri. Kurege ya tona gindin kuka, sai gyaɗar bara. Ya tona bayan ɗakin karatu, sai tsohon ƙashi.

"Ranki ya daɗe, ai tsaro kika nema," ya ce wa Giwa. "Ni kaina ban san inda suke ba, balle ɓarawo."

Giwa ta naɗe shi ta maka da ƙasa, Zaki ya ƙara masa mari. Ya tsere yana ɗingishi, ya haye suri, ya hango ɗalibai sun bazu da fartanya suna tone harabar jami'a.

Ya shafa ƙugu ya ce, "Jami'ar da ba ta san darajar ƙwararre ba. Su faɗi gaskiya, an sace ko ɗaya?"

Nan ta ƙare, sauran na ƙarƙashin ƙasa.