Wa Za a Yi Wa Takwara a Gidan Tabawa?

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Gangaren Marke an yi wata tsohuwa mai daddawa, Gwaggo Tabawa, mace mai barkwanci wadda muryarta ke riga ta shiga kasuwa. Wata damina sai ta fara haki. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, barci kuwa sai a zaune. Duk wanda ya yi mata magana sai ta ce, "Tsufa ne, shi kuwa ba a kai shi asibiti."

A shekarar ne wasu mata uku suke aikin bincike, suna neman abin da ke hana masu ciwon zuciya na ƙauye samun magani da wuri.

Ta farko, Ramlatu, ita ke bi gida-gida tana awon jini. Tabawa ta ce ba ta da sukuni, kalwarta na kan wuta. Ramlatu ta ajiye jaka ta durƙusa tana iza mata wuta, har kunya ta sa tsohuwa ta miƙa hannu. Da Ramlatu ta latsa ƙafar ta ga yatsa ya bar rami, sai ta ɗora mata 'yar na'ura a ƙirji, ta ɗauki bugun zuciyarta ta tura birni ta waya.

Ta biyu, Likita Sakina da ke can birni, a ranar awo sama da ɗari ne a gabanta, amma da ta zo kan na Tabawa sai ta tsaya. Ta bugo wa Ramlatu waya ta ce, "Kada baiwar Allahn nan ta kwana a gida." Ta aiko da mota. Ashe zuciya ta raunana, ruwa ya taru a huhu. Kwana tara Sakina na kanta, har Tabawa ta miƙe tana tsokanar masu jinya wai miyarsu lami ce.

Ta uku, Hansatu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani ce ta ƙauyen. Bincikensu ya nuna cewa mutane da yawa da sun ji sauƙi sai su watsar da magani, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Tabawa ma haka ta yi, ta riƙa cusa ƙwayoyin a ƙarƙashin tabarma. Wata safiya Hansatu ta ɗaga tabarmar ta ce, "Gwaggo, ashe ita ce ba ta da lafiya?" Tabawa ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar, wata takwas cur, kullum Hansatu sai ta zo ta ga ta haɗiye, ta kuma raba ta da yawan gishiri da kunun kanwa.

Tabawa ta koma kasuwa da ƙafarta. Ana nan sai matar ɗanta Nomau ta haifi mace. Nomau ya ce, "Inna, ke za ki zaɓi suna." Ta ce, "Sunan wadda ta cece ni za a sa." Sai da ta faɗa ta ga ta ɗauro wa kanta aiki. Da Ramlatu ba ta yi naci ba, da ba wanda ya san da ciwon. Da Sakina ba ta gane ba, da awon ya tashi a banza. Da Hansatu ta yi sakaci, da an koma gidan jiya.

Gobe suna, rago na ɗaure, an riga an raba goro, jaririya kuwa ɗaya ce.

To, ku da kuka ji, wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi wa takwara?