Tagar da Malam Ya Sa Aka Buɗe

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne a fiƙihu da tafsiri, waliyyi mai tsentseni da gudun duniya, wanda duk mutanen Roni suka shaida ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni Musaddiƙ, mafi ƙanƙantar masu ɗaukar karatu a gabansa, Allah Ya yi ni da bin diddigi, har abokan karatu suna ce mini ɗan jarida. To ga abin da na bi diddiginsa har na gaji ban ga ƙarshensa ba.

Zulaiha, matar ƙanena Ashiru, ta haifi bakwaini a asibiti a Kazaure, 'yar mitsitsiya wadda tafin hannu biyu ya ishe ta shimfiɗa, aka sa mata suna Bahijja. Da za a sallame su, wata nas mai suna Monica ta ja kunnenmu cewa sanyi ne babban abokin gabarta, don haka uwar ta riƙa ɗaure ta a ƙirji fata da fata, a tatsi nono a ba ta da ƙaramin kofi tunda ba ta iya tsotso, kada kuma a ba ta ko ɗigon ruwa. Na je wa Malam neman rubutu, ya rubuta ya ce, "Uwar za ta sha. Yarinya nonon uwarta ya ishe ta."

Wata ranar Laraba a tsakiyar damina, ana ta marka tun safe, muna zaure bayan la'asar Malam yana fassara, sai ya tsaya a tsakiyar jumla, abin da ba al'adarsa ba ne. Ya sassauta rawaninsa, ya ja numfashi da ƙyar, ya ce, "Ɗakin nan ba iska." Muka dubi juna, domin ƙofar zaure a wangale take, sanyi har yana kaɗa mu. Sai ya dube ni ya ce, "Ba wannan ba. Tashi ka je gidan ƙanenka ka buɗe taga."

Ashiru yana Babura wajen fataucin hatsi, na kira wayar Zulaiha ba a ɗauka ba, sai na hau babur na bi hanyar Gwiwa cikin taɓo har ƙauyenmu. Na tarar da mahaifiyarmu a rumfa tana ɓarar gyaɗa, hankalinta kwance.

"Inna, ina su Zulaiha?"

"Kai dai yi a hankali, barci suke mai daɗi. Na ga sanyin nan zai kama mini jika, na kai musu kaskon garwashi na toshe ko'ina, yadda muka gasa ku."

Na banke ƙofar. Zafi mai nauyi ya doke ni, tagar kuwa an cusa mata tsummoki har ba kafar da allura za ta bi. Na fisge su na buɗe, na jawo kaskon waje. Zulaiha ta buɗe ido amma ta kasa ɗaga kai, Bahijja kuma tana kwance a ƙirjinta laƙwas, ko motsi ba ta yi. Muka fito da su iska, Inna tana salati tana kuka, can sai yarinyar ta yi wani ɗan kuka siriri, wanda ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Maƙwabcinmu ya kai mu Kazaure a motarsa aka sa musu iskar asibiti, Monica ta ce garwashi a rufaffen ɗaki yana kwantar da mutum barcin da ba ya tashi, kuma da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Daga nan halina ya motsa. Na tambayi Inna yaushe ta yi shawarar kaskon, ta ce bayan azahar, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Na tambayi duk wanda ya shiga wurin Malam ranar, babu wanda ya fito daga ƙauyenmu, Malam kuwa ba ya riƙe waya. Da na rasa mafita na durƙusa na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ta yaya aka sani?"

Ya ce, "Allah ne Masani. Ni dai numfashina ne ya yi nauyi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kada wanda ya yi wa tsohuwa faɗa, ƙauna ce ta hura wutar. Ku ce mata idan uwar ta gaji, ita ta ɗauki yarinyar a ƙirjinta."

Inna, wadda tun ranar ta daina shiga ɗakin don kunya, ta ji saƙon ta fashe da kuka. Tun daga nan kullum da hantsi ita ke ɗaure Bahijja a ƙirjinta, tana zaune daidai bakin tagar nan a buɗe. Yau yarinyar tana tafiya da ƙafarta, kuma ba ta yarda ta yi barci a jikin kowa sai na kakarta.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa na gari abin da Ya so. Ya Allah Ka ƙara wa Shehinmu kusanci, Ka raya Bahijja bisa tafarkin addini, mu kuma kada Ka hana mu albarkarsa duniya da lahira. Amin.