Ranar da Maraba Ta Koma Gayya

Akwai wani manomi da yake zaune a ƙarshen wata babbar ƙasar noma, daidai inda gonaki suka ƙare daji ya soma. Ƙasar ba tasa ba ce. Ta wani babban maigida ce, wanda ya rarraba ta ga manoma da yawa, kowa da yankinsa, ya kuma naɗa wakili guda ya riƙa lura da su a madadinsa. Wakilin ne yake raba iri, shi yake sasanta masu rigimar iyaka, shi ne kuma yake kewayawa ya ga lafiyar shuka da lafiyar masu shukar.

Shi wannan manomi, rabonsa ya faɗo a bakin daji. Ƙasar wurin baƙa ce mai albarka, da can kuma gidaje da dama ne a wurin, ana noma tare, ana girbi tare. Amma wakili ya tsufa, ƙafafunsa suka daina kai shi nesa, har maigida ya ce masa ya huta. Aka daɗe ba a naɗa wani ba. A wannan tsakani ne ɓarayi suka gane hanyar bakin daji. Suka kore awaki, suka fasa rumbuna, suka sa wa wani gida wuta. Maƙwabta suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna komawa cikin gari, har ya rage daga manomin nan sai matarsa.

Da damina ta sauka ya shuka gero kamar yadda ya saba. Geron ya tsira da kyau. Amma da lokacin noman fari ya yi, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin ya miƙe, ciyawa ta taso daga gonakin da aka watsar, ta mamaye tasa gonar, ta rufe geron ruf. Ya tsaya a bakin gona ya duba gabas, ya duba yamma, ya san hannu biyu ba za su iya da wannan aiki ba. Ya koma gida ya ce wa matarsa ta soma ɗaure kaya.

Ana nan sai labari ya iso cewa maigida ya naɗa sabon wakili, za a kuma yi masa babbar maraba a cikin gari.

Manomin ya ce, "To, madalla. Zan je in mayar masa da gonarsu, mu tashi."

Matarsa ta ce, "Maigida, a nan fa muka binne iyayenka. Ka bari ka ga mutumin tukuna."

Ya ce, "Ganinsa ba zai nome ciyawa ba."

Da ranar ta zo ya saɓa fartanyarsa, ya kama hanya tun da safe. A kan hanya ya tarar da jama'a suna ta ɗunguma zuwa gari, bakin kowa labarin sabon wakili. Wata mata mai ɗauke da ƙwaryar fura ta ce, tun yana saurayi aka aike shi wata ƙasa mai fari, ya shiga rami shi da mutanen wurin suka haƙa rijiya da hannunsu. Wani tsoho ya ce, da annoba ta faɗa wa wani gari kowa ya gudu, shi ya tsaya yana jinyar marasa lafiya, yana binne waɗanda suka mutu. Wani kuma ya ce ya yi shekaru yana koya wa samari aikin gona, yawancin masu lura da gonaki a yau almajiransa ne. Manomin ya ji duk wannan, amma a ransa ya ce, "A lokacin nan ƙarami ne. Yanzu ya zama babba, manya kuwa ba sa zuwa bakin daji."

Da ya shiga gari ya iske an share hanya fes, an kakkafa ganyen giginya dama da hagu. Mata sun yi anko, makaɗa sun jeru, an kafa manyan tukwane ana ta dahuwa. Can sai aka ji guɗa daga ƙofar gari, sai ga wakili tafe a ƙasa, sanye da babbar riga fara, riƙe da sandar da maigida ya ba shi da hannunsa. Furfura ta fara masa. Ba ya sauri, yana tafe yana tsayawa, yana dafa kan yara, yana rusuna wa tsofaffi. Gari ya ɗauki murna.

Aka zaunar da shi a inuwar rumfa. Dattawa suka yi jawabi, suka nuna masa gidan da aka gyara masa. Sa'an nan mutane suka soma matsowa da kyautai, wannan rago, wannan zuma, wannan zane. Manomin ya bi layi har ya iso gaba. Ya durƙusa, ya sauke fartanyarsa ya ajiye a gaban wakili.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zo da kyauta ba. Gonar bakin daji na zo mayarwa. Ni kaɗai na rage a can, ciyawa kuma ta fi ƙarfina."

Wani dattijo ya yi sauri ya kama hannunsa ya ce, "Haba, bawan Allah, yau ranar murna ce. Ka bari sai wani lokaci."

Amma wakili ya ce, "Ku bar shi." Ya sunkuyo ya dubi manomin ya ce, "Ɗan'uwana, geron ya mutu ne, ko yana nan a ƙarƙashin ciyawa?"

Manomin ya ce, "Yana nan da rai, amma ba zai daɗe ba."

Sai wakili ya miƙe tsaye. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa dattijon nan, ya ɗauki fartanyar da hannu ɗaya, sandarsa a ɗayan. Ya ce wa jama'a, "Na gode da wannan karamci, ba zan manta da shi ba. Amma maigida ya damƙa mini gonarsa duka, har bakin daji. Rago zai jira, zuma za ta jira, geron nan ba zai jira ba. Zan bi ɗan'uwan nan gida. Wa zai raka ni?"

Makaɗa suka sauke hannu. Kowa ya san labarin ɓarayi, kowa ya sunkuyar da kai. Manomin kansa ya ji kunya ta kama shi, ya ga kamar ya ɓata wa gari biki.

Sai shugabar matan da suka yi dahuwa, wata dattijuwa, ta gyara ɗamara, ta sa aka aza mata tukunyar miya a ka. Ta ce, "Baba, abincin nan dominka muka dafa. Inda ka nufa, can zai bi ka." Ta rangaɗa guɗa ta shiga gaba.

Da mata suka ga haka sai kowace ta ɗauki nata kaya. Makaɗa suka sake ɗaukar kiɗa, amma yanzu kiɗan noma suke yi. Samari suka ruga gida suka fito da fartanyu. Tsofaffin maƙwabtan manomin, waɗanda suka gudo cikin gari, suka fito daga cikin taro da hawaye a idonsu, suka ce su ne za su nuna hanya. Har dattijon da ya so hana shi magana ya naɗe rigar wakili ya rungume, ya bi baya. Gari duka ya tashi, har da ragon da aka kawo kyauta, ana jan sa da igiya.

Matar manomin tana tsakar gida tana ɗaure tukwane sai ta ji ƙarar ganga daga nesa. Ta tsorata, gama ta daɗe ba ta ji hayaniyar alheri ta nufo wannan wuri ba. Ta leƙo ta kan danga. Sai ga mijinta a gaba, wani mai furfura a gefensa, bayansu kuwa jama'a ce har iyakar ganin ido, ana waƙa. Ta saki igiyar da take hannunta, ta fito da gudu ba ko takalmi.

Wakili ne ya fara sa fartanya a ƙasa. Samari suka jeru a gefensa kafaɗa da kafaɗa, makaɗa na binsu a baya, mata na kai ruwa. Ciyawa ta yi ta zubewa. Manomin yana tafe a bayansu yana tayar da geron da ya kwanta, yana tura masa ƙasa a gindi, yana kuka yana dariya. Kafin la'asar an gama da gonarsa, an faɗa gonakin maƙwabta. Geron da aka ɗauka ya hallaka ya fito fili, kore shar, yana kaɗawa a iska.

A nan bakin gona aka yanka rago, a nan aka ci tuwon maraba. Wakili ya zauna a ƙasa, ƙafafunsa duk laka, ya sa hannu a akushi ɗaya da manomin. Ya ce masa, "Har yanzu kana so ka mayar da gonar?"

Manomin ya ce, "Baba, ko an kore ni ba zan tashi ba."

Ba a ce wahala ta ƙare a rana ɗaya ba. Amma maƙwabta suka soma dawowa, aka sake yi wa ɗakuna jinka, wakili ya shirya yadda za a riƙa tsaron juna. Ɓarayi kuwa da suka ga wurin ya sake cika da mutane, kuma babban wakili ba ya daɗewa bai zo ba, suka ja da baya. Da kaka ta yi, damman geron bakin daji ne aka fara kai wa maigida, ya yi murna ƙwarai. Haka wakilin nan ya ci gaba da kewaya gonaki, na kusa da na nesa, rani da damina, har babu wani manomi a ƙasar da zai ce bai san fuskarsa ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Maigida shi ne Allah Ubanmu, babbar ƙasar noma kuwa Ikkilisiyarsa ce. Manoma mu ne, kowa da yankin da aka ba shi: gidansa, 'ya'yansa, ransa. Wakili shi ne sabon Bishof ɗinmu, wanda za mu tarba a wannan coci ranar Lahadi mai zuwa. Ba shi ya naɗa kansa ba, aiko shi aka yi, kamar yadda Ubangijinmu Yesu Almasihu ya aiki manzanninsa. Sandar da za ku gani a hannunsa ba ta sarauta ba ce, ta mai kiwo ce. Kun kuma ji yadda ya yi rayuwarsa tun yana ƙaramin Fada, wato firist: ya yi Misa a ƙarƙashin bishiya, ya kwana a ƙauyukan da mota ba ta shiga, ya zauna da mutanensa a lokacin tsoro, ya horar da samari masu shirin zama firistoci. Allah ya daɗe yana shirya mana shi, mu ba mu sani ba. Saboda haka mu yi murna da gaske. Zumuntar Mata ku fito da ankonku, mawaƙa ku ɗaga murya, yara ku zo da ganye a hannu, gama babbar kyauta ce ta shigo gidanmu.

Gonar bakin daji ita ce ƙananan coci-cocinmu na bayan dutse, inda tsoro ya rage mutane. Ita ce kuma gwauruwar da ba mai leƙa ta, da saurayin da ya daina zuwa Misa, da iyalin da suka bar yin addu'a tare. Ciyawa ita ce fid da zuciya. Geron da yake ƙarƙashinta kuwa bangaskiya ce, wadda aka shuka ranar baftisma. Sau da yawa mukan ce ta mutu, alhali an danne ta ne kawai. In kai ne manomin nan, kada ka ɓoye damuwarka don ana biki. Ka matso ka faɗa, domin irinka aka aiko shi.

Amma ku lura da abu ɗaya. Wakili bai nome gonar shi kaɗai ba, ba zai ma iya ba. Da dattijuwar nan ba ta tashi ba, da gari bai bi ta ba, da geron ya mutu wakili yana tsaye a kansa. Bishof ɗinmu mutum ɗaya ne, ƙafa biyu gare shi. Kiɗa da abinci da kyautai suna da kyau, mu yi su da zuciya ɗaya. Amma maraba ba ta cika sai mun tashi mun bi shi inda zai kai mu, ko da wurin da muke tsoro ne.

Ba sai mun jira Lahadi ba. Kowane ɗayanmu ya san wani gida da an daɗe ba a ga mutanensa a kan bencin cocin nan ba. Ku je can a cikin makon nan. Ku yi sallama, ku zauna, ku sha ruwansu, ku ji abin da yake damunsu. In za ku tashi ku ce musu, "Ku shirya, za mu biyo muku ranar Lahadi. Babanmu ya iso, ba kuwa za mu tarbe shi ba sai tare da ku."