Ƙugiyar Hanci da Ƙugiyar Ciki

Akwai wani mutum mai jirgin sama marar inji. Irin wannan jirgi ba ya iya tashi da kansa, sai wani jirgi mai inji ya ja shi da doguwar igiya har sama, sa'an nan ya saki igiyar ya bi iska. Mai jansa kuwa yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Maƙerin jirgin ya sa masa ƙugiya biyu. Ɗaya a hanci, domin ranar da jirgi zai ja shi. Ɗaya a ƙarƙashin ciki, domin ranar da injin da ke kafe a ƙasa zai fizge shi sama. Ana nan sai ƙugiyar hanci ta yi tsatsa, ta cije. Yayan ya ce masa, "Ƙanena, ka gyara ta. In ka ɗaura igiya a ƙugiyar ciki, jirginka zai wuce nawa sama, ya ɗaga mini wutsiya. Ni ne a gaba fa." Ƙanen ya ce, "To, Yaya." Amma a ransa ya ce, ƙugiya ai ƙugiya ce.

Ranar tashi jama'a suka taru kallo, shi kuwa ba ya so a ce jirginsa yana da aibu. Sai ya sunkuya ya ɗaura igiyar a ƙugiyar ciki. Yayan ya leƙo daga nasa jirgin ya yi kira, "A hanci ka ɗaura?" Ƙanen ya ɗaga masa hannu, alamar ya ja.

Suna barin ƙasa, jirgin ƙanen ya ɗaga kai ya yi sama kamar ɗan maraƙin da ya tsinke daga turke. Igiya ta miƙe, ta ɗaga wutsiyar jirgin yayan, hancinsa ya dubi ƙasa. Kafin ƙanen ya lalubo abin saki, yayan ya faɗi, bai shura ba. Shi kuwa iska ta ɗauke shi, ta sauke shi a hankali cikin wata gona, ko ƙwarzane bai yi ba.

A wurin makoki mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wane tsautsayi? An faɗa masa! Da kunnensa ya ji, da bakinsa ya ce to. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an shafa wa ganganci man tsautsayi.

Ma'anar wannan misali ita ce, babu ɗayanmu da ya tashi da ƙarfin kansa. Jirgin gaba shi ne wanda Ubangiji ya sa ya ja ka: uwarka, malaminka, matarka, dattijon da ya tsaya maka a gaban ikilisiya. Igiyar ita ce amana. Ƙugiyar hanci ita ce gaskiya da biyayya, masu riƙe ka a bayan mai jan ka. Ƙugiyar ciki ita ce hanyar da ta fi maka sauƙi, wadda ka ɓoye domin kada ka ji kunya.

Kuna cewa, "Raina ne, ni zan ɗauki sakamakon." Ƙarya ne, 'yan'uwa! Sau da yawa mai laifin yakan sauka lafiya, wanda ya amince da shi ne ake binnewa. Mutumin nan ya gyara ƙugiyar hancin bayan makoki, har tana ƙyalli. Amma babu sauran mai jan sa.