Tasin da ke Tsakar Gidan Alhaji Abdulai

Akwai wani saurayi a unguwar Nima ta birnin Accra mai suna Jamal. Shekara tara ya yi a Libiya yana leburanci da fenti, sannan ya dawo gida da jaka ɗaya da ɗan abin da ya tsira da shi. Duk wanda ya taɓa zaman waje ya san yadda dawowa take. Sati biyun farko kai baƙo ne, har ɗaki ake kawo maka abinci. Daga nan sai ka ga kowa ya tashi da safe ya nufi inda ake jiransa, kai kaɗai ne babu mai jiranka.

Jamal ya kasa zama wuri ɗaya. Ya fita bakin titi, ya dawo, ya kwanta, ya tashi. Abokinsa Rauf, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a can, kullum sai ya turo masa saƙon murya: "Cale, abokina, me kake yi a Zango? Aiki ya buɗe. Ka taso kawai."

Mahaifiyarsa Abiba tana jin saƙon nan daga inda take zaune. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ko kasuwar Nima ba ta iya zuwa, kuma shi kaɗai ne ɗanta da ya rage. Wata rana ta kira shi ta ce, "Ka yi mini alkawari ba za ka sake bin saharar nan ba."

Ya ce, "Mma, in na sami abin yi a nan, ina zan je? Amma ba zan zauna kina ciyar da ni ba."

Ta ce, "To Allah Ya kawo abin yin. Ka je ka gaida abokan babanka kuwa?"

Bai je ba. A Zango, wato unguwannin Hausawa irin su Nima, in matafiyi ya dawo, yakan bi manya ya gaishe su, ko da goro ne a hannunsa ko ƙaramar kwalbar turare. Abokan marigayi babansa suna zama a unguwar Maamobi, a bakin lungun da Jamal ya girma, gaban shagon wani tela da ake kira Malam Usaini. Amma unguwa ta riga ta sa wa Jamal suna Boga, wato wanda ya dawo daga waje da arziki, shi kuwa ya san abin da ke aljihunsa.

Ya ce, "Sai na tsaya da ƙafata, Mma. Ba zan je su yi ta kallon takalmina ba."

Ana nan sai ya ji labarin wata mota. Tasin marigayi Alhaji Abdulai ce, wadda aka ajiye a tsakar gidansa a wannan lungu na Maamobi tun ranar da ya rasu, shekara bakwai ke nan. Ɗansa Razak, wanda ke zaune a Kumasi kuma ya daɗe bai leƙo gidan ba, shi ne ya sa ta kasuwa ta waya. Jamal ya san motar. Yana yaro kullum da safe yakan ga Alhaji ya fito da ita ta babbar ƙofa, ya bi lungu a hankali har titi.

Gidan yana da ƙofa biyu. Babbar tana kallon lungun da dattawa ke zama a bakinsa. Ƙaramar tana baya, sai ka tsallaka kwata a kan katako. Jamal ya bi ta baya.

Ga abin da ya tarar. Tayoyi huɗu sun lotsa sun nutse a ƙasa. Fentin rawaya na gefe ya koɗe. 'Yan haya suna shanya a kanta, an ɗaure akuya a bamba, kaza kuma tana kwanci a kujerar baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya tafi. Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo. A rana ta huɗu ya je Abossey Okai, kasuwar kayan mota, ya ɗauko wani tsohon makaniki, Masta Ishawu, suka tsallako katakon tare.

Masta ya zagaya ta sau biyu. Ya buɗe bonet, ya sa yatsa a man inji ya shinshina. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ɓera ya cinye waya kaf. Birki babu. Lagireto ya ruɓe, tanki ya yi tsatsa."

Jamal ya ce, "Wato na haƙura."

"Ban ce ba. Inji yana juyawa, bai kama ba. Ƙashin motar kuma lafiya, Alhaji bai taɓa buga ta ba. Irin wannan ƙarfe ba a yin shi yanzu."

"To na saya?"

"Wannan ma ban ce ba." Masta ya yi dariya. "Boga, tsohuwar mota kamar rijiya ce, sai ka shiga za ka san zurfinta. Za ta tashi. Amma kafin ta tashi za ta cinye duk abin da ka zo da shi, har ta lashe kwano. In kana da wani abin dogaro, bar ta. In babu, to ka san a kanta ka jingina."

Sai ya waiga ya dubi babbar ƙofa. "Hanyar fita fa?"

Jamal ya leƙa ta ƙaramar kafar da ke jikin ƙofar. Lungun yana nan da faɗinsa har inda ya yi kwana. Bayan kwanar ne dattawa ke zama, don haka bai ƙarasa ba. Ya ce, "Masta, a lungun nan aka yanke mini cibiya. Motar yashi ma ta taɓa shigowa."

Kwana uku yana juya maganar. Ya ce wa Mma, in ya bari, abin da ya zo da shi zai narke a koko da ƙosai, ya wayi gari babu komai. In ya saya, ko ba komai yana da inda zai je da safe. Mma ta ce ita ba ta san mota ba, amma duk abin da zai riƙe shi a Accra tana sonsa. Ya kira Razak, suka gama magana, aka aiko masa da takardu.

Ranar da ya fara aiki, wata 'yar haya mai suna Latifatu ta matso tana kwashe shanyarta. Ta ce, "Boga, gyara ta za ka yi? Amma ta ina za ka..."

Ya katse ta. "Anti, ku dai ku cire akuyarku. Sauran nawa ne."

Ta koma ɗaki. Daga ranar babu wanda ya sake ce masa komai a gidan sai sannu.

Wata huɗu ya yi a tsakar gidan nan. Kullum ya hau torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Abossey Okai, ya yi ta yawo shago shago yana neman kayan da aka daina kawowa. Ya ɗauko lagireto a ka, ya tsallaka katako. Ya mirgino tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya sayi famfon mai, bai yi ba, ya mayar, aka ce ba a karɓa. Hannunsa ya yi baƙi, agogonsa ya tafi, babbar wayarsa ta koma ƙarama. Amma ya daina sauraron saƙon Rauf, kuma Mma ta lura yana cin abinci.

Wata Talata da hantsi Masta Ishawu ya ce ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake tari, ta fitar da hayaƙi baƙi, sannan ta kama. Jamal ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

Bayan sati biyu aka gama birki da fenti. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya sayi goro da turare ya ajiye a kujerar gaba. Yau zai gaida dattawa, kuma a cikin motarsa zai gaishe su. Aka fasa kwaɗon babbar ƙofa da guduma. Ya fito a hankali, ya bi lungu, ya karya kwana.

Sai ya taka birki.

A hannun dama an fito da ɗaki na bulo, da rufinsa da tagarsa da labule. A hannun hagu masallacin unguwa ya ƙara wurin alwala na siminti. Abin da ya rage a tsakani, mutum biyu in sun haɗu sai ɗaya ya karkace. Ta wannan tsukin yana hango titi, yana hango dattawa a kan benci, duk sun juyo suna kallonsa.

Ya kashe motar. Ya fito ya ratsa tsukin da ƙafa, ya durƙusa a gaban Malam Usaini. Goron ma ya manta shi a mota.

Malam Usaini ya ɗaga tabarau. "Wane ne wannan? Kamar ɗan marigayi Sule."

"Ni ne, Baba."

"Ikon Allah. Mun ji an ce ka dawo tun kafin azumi. Muka ce ƙila ƙarya ne, don da ya dawo da mun gan shi." Wani dattijo ya yi 'yar dariya, Malam ya ɗaga masa hannu ya bari. "Mun kuma ji ana ta buga ƙarfe a gidan Alhaji. Muka ce wanda ya zo daga waje ai yana da dabarar da ba mu sani ba."

Jamal ya ce, "Baba, yaushe aka yi ginin nan?"

"Shekara biyar. Ɗakin Rashidatu ne, ita da 'ya'yanta uku, bayan ruwa ya cinye nasu na bakin kwata. Mu muka ba ta wurin, tunda babu motar da ke shiga kuma. Mutum uku sun zo sayen tasin nan kafin kai. Duk ta nan suka biyo, suka yi mana sallama, muka nuna musu bangon, suka juya."

Dattawan ba su yi masa mugunta ba. Malam Usaini ya ɗauko tef ɗinsa na ɗinki, ya auna tsukin, ya je ya auna motar. Ko an cire madubi da ƙofofi, ko an rushe wurin alwala gaba ɗaya, da saura. Aka kira mai motar ɗaga kaya, ya zo ya dubi nisan gidan daga titi, ya dubi wayoyin lantarki da suka saƙa sama kamar yanar gizo, ya girgiza kai ya tafi. Aka duba ta baya, kwata ce mai zurfi da gidaje a jere. Aka kira Razak, ya rantse bai san an yi gini ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Hanya ɗaya ta rage, a rushe ɗakin Rashidatu. Tana tsaye a bakin ƙofarta da ludayi a hannu, tana jin duk abin da ake faɗa. Jamal ya dube ta, ya dubi takalman makaranta guda uku da aka jera a dokin ƙofa. Bai iya buɗe baki ya nema ba, kuma babu wanda ya nema masa.

Ya mayar da motar tsakar gida da baya.

Sati uku tana nan. Kullum ya zo ya tayar da ita, ya zauna a ciki tana aiki, ya kashe. Daga ƙarshe Masta Ishawu ya ce, "Boga, in ka bari damina ta same ta, ko abin da za ka samu yanzu ba za ka samu ba." Aka kwance inji, maza shida suka ɗauke shi a kan sanduna suka ratsa tsukin da shi. Aka fitar da kujeru, da tayoyi, da lagireton da ya shigo da shi a ka. Gangar jikin kuma 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, suka yanka ta gunduwa gunduwa, da sabon fentinta. Abin da ya samu bai kai ya fara wata sana'a ba. Ya dai kai kuɗin shiga mota zuwa arewa, hanyar sahara.

Ya yi wata guda yana neman aiki, bai samu ba. Ranar da Mma ta ga ya wanke jakarsa ya shanya, ba ta tuna masa alkawari ba, don ta san da sharaɗi ya yi shi. Ta ce kawai, "Ka biya Maamobi kafin ka tafi."

Ya biya, ta gaba. Dattawa suka yi masa addu'a mai tsawo, kowa ya shafa. Malam Usaini ya riƙe hannunsa bai saki da wuri ba. Ya ce, "Da wa ka bar Abiba?"

Jamal ya sunkuyar da kai.

Darasi: Kafin ka zuba ƙarfinka a kan abu, ka tambayi waɗanda ke zaune kusa da shi, don garin da ka bari ba shi ne garin da ka tarar ba. Kunyar zuwa gaida manya hannu wofi ba ta kai asarar da rashin gaisuwar ke jawowa ba. Ka tura labarin nan ga ɗan'uwanka da ya dawo daga tafiya yana ɓuya wa mutane, tun bai bi ta ƙofar baya ba.